Likita ya ce shimfiɗar mahaifarki ta yi siriri? Kada ki ruga kemis tukuna



Kwanan baya wata baiwar Allah daga wani ƙauye kusa da Baure ta zo min da takardar hoton ciki, idonta cike da ƙwalla. Ta ce, "Sista, an ce mahaifata ba za ta riƙe ciki ba." Da na tambaye ta, ashe kwana biyu da gama al'ada aka yi mata hoton, kuma ta shafe watanni tana shan Clomid da wata ƙawarta ta saya mata.

Shimfiɗar mahaifa ita ce inda ɗan tayi ke maƙalewa. Tana zubewa da jinin al'ada, don haka bayan al'ada dole a gan ta siririya. Lokacin awo shi ne daf da fitar ƙwai, wajen rana ta 12 zuwa 14 ga mai zagayen kwana 28. Idan a lokacin ba ta kai milimita 7 ba, nan ne likita zai nemi dalili, domin magani yana bin dalili ne.

Idan sinadarin estrogen ne ya yi ƙasa, ana ba da ƙwayoyinsa, a sake awo. Idan Clomid ne, shi kansa yana iya rage kaurin shimfiɗar, sai likita ya sauya shi da letrozole. Idan kuwa wankin ciki bayan ɓari ko haihuwa ya bar tabo har bangon mahaifa ya manne, ƙwaya kaɗai ba ta isa, sai an shiga da 'yar kyamara an raba shi. Alamarsa ita ce al'ada ta ragu sosai ko ta ɗauke bayan wankin. Tsohon ciwon sanyi da tarin fuka ma suna taɓa mahaifa, kowanne da maganinsa. Asfirin da allurar PRP ana gwada su, amma ba a gama tabbatar da amfaninsu ba.

Ki fara da babban asibitin Baure ko Daura, a tura ki wajen likitan mata a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina idan da bukata. Ki riƙa rubuta ranakun al'adarki, ki tafi da kwalayen duk abin da kika sha, har da na gargajiya. Maigida ma a gwada shi.

Allah ya ba masu nema zuri'a ɗayyiba. Sai mako mai zuwa.