Allon Madannai da Haƙƙin Baƙaƙe Masu Ƙugiya

Sunan garin Ƙanƙara kaɗai ya isa ya zama ma'aunin duk wani allon madannai da manazarcin Hausa zai yi aiki da shi, domin sau biyu harafin ƙ ya fito a cikinsa. Allon da ba a saita shi ya rubuta wannan suna daidai ba, komai tsadarsa da laushin madannansa, bai dace da aikinmu ba.

Tsarin QWERTY da ake samu a shagunan buga takardu na Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara an gina shi ne domin Ingilishi, kamar yadda AZERTY da ake amfani da shi a Nijar ya bi Faransanci. Babu ɗayansu da ya tanadi gurbin ɓ da ɗ da ƙ. Dabarar da aka daɗe ana yi ita ce a sa wani salon haruffa na musamman da ke nuna q a matsayin ƙ, x a matsayin ɗ, v kuma a matsayin ɓ. Da zarar takardar ta koma kwamfutar da ba ta da wannan salo, sai "ƙasa" ta zama "qasa". Wasu masu bugu kuwa sukan zubar da ƙugiyar gaba ɗaya, "faɗa" ta koma "fada", "baƙi" su koma "baki".

Illar ta fi tsanani ga mai tattara adabin baka a waɗannan ƙananan hukumomi uku. Rashin tsaro ya tayar da ƙauyuka da dama, kuma dattijon da aka naɗi muryarsa bara, ba lallai ne a sake samunsa a tambaye shi abin da yake nufi ba. Idan naɗin ya ɓace, kuskuren bugu shi zai zama hujjar masu nazari na gaba.

Saboda haka, zaɓi ya fara daga tsarin da ke fitar da haruffan Unicode na ainihi. Windows na da tsarin Hausa, akwai manhajar Keyman, kuma Gboard na rubuta Hausa a waya. Bayan nan ne za a duba jin daɗin yatsu: madannai masu faɗi, masu sauƙin sharewa idan ƙurar hunturu ta shige su, da ƙugiyoyin da ba su yi wa yatsa nisa ba.

Ya kamata sassan Hausa na jami'o'inmu su shar'anta Unicode ga kowane kundin digiri, su kuma koyar da saita allon tun a shekarar farko.