Gidan tarihin yara ba almubazzaranci ba ne

Jama'a, duk lokacin da muka tayar da zancen gidan tarihi na yara, sai wani ya ce: "Ana fama da tsadar hatsi, ku kuna zancen wasa." To, mu dai ba mu yarda ba.

A shekarar 1899 aka buɗe gidan tarihin yara na farko a duniya, a Brooklyn ta ƙasar Amurka. Boston ta biyo baya a 1913, Indianapolis a 1925. Shekaru da dama kowa na ta nashi shi kaɗai. Sai a 1962 shugabannin waɗannan gidaje suka haɗa kai suka kafa ƙungiyarsu, wadda yau ake kira Association of Children's Museums, mai mambobi ɗaruruwa a Amurka da wajenta. Cikin wannan shekara ce Michael Spock ya karɓi ragamar gidan Boston, ya bari yara su kama kaya da hannunsu maimakon leƙe ta bayan gilashi. Da yake ma'aikatan suna haɗuwa suna musayar dabaru, wannan salon ya bazu ko'ina. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu fa? Muna da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai tun 1959, da ƙasusuwan dinozor na hamadarmu, da itacen Tenere da mota ta kayar a 1973. Amma yaron Madawa ko Tasawa sai ya gama lakwal bai taɓa ganin ko ɗaya ba. In ma ya samu zuwa, abin da zai fara ji daga bakinmu manya shi ne "kar ka taɓa!" Ta ina sha'awar ilimi za ta shiga?

Kar a ce sai an samu miliyoyi. Ɗaki guda a gidan matasa ya isa: maƙeri da zugazuginsa, masaƙi, dukawa, ma'aunin ruwan sama, allon sola da yaro zai haɗa wa waya da kansa ya ga ƙwan lantarki ya kama.

Abin da muka rasa shi ne ƙungiya. Malaman lakwal, ma'aikatan gidajen tarihi na Yamai, Damagaram da Doso, masu sana'ar hannu: ku zauna, ku rubuta dokokinku, ku tunkari magadan gari da murya ɗaya. In muka tsaya jiran wani ONG, wallahi jikokinmu ma za su tarar da mu muna jira.