Amanar Rubuta Aya Da Hadisi A Kwamfuta: Kira Ga Malamai Da Masu Buga Takardu A Birnin Gwari

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da Littafinsa, ya kuma ɗauki alƙawarin tsare shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, tun daga ƙarshen watan Nuwamban 2024, lokacin da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan ta shafe shekaru a rufe, jama'ar wannan masarauta suka fara shaƙar iskar da suka daɗe ba su shaƙa ba. Duk inda kasuwa ta farfaɗo kuwa, makaranta da masallaci su ma sukan farfaɗo, kuma tare da su takarda ke yawaita: jadawalin tafsiri, takardar jarrabawar Islamiyya, katin walimar sauka, ƙasidar huɗuba, da 'yan littattafan azkar. Kusan dukkan waɗannan ta shagon kwamfuta suke bi kafin su isa hannun jama'a, kuma da wuya a sami wadda babu aya ko hadisi a cikinta. Matsayin wannan shafi shi ne: duk ayar da za a buga, wajibi ne ta fito da lafazinta cikakke, da iyakarta a bayyane, da adireshin da mai karatu zai bi ya same ta a cikin Mus'hafi. Wanda ya yi sakaci da ɗaya daga cikin ukun nan ya tauye amana, ko da niyyarsa kyakkyawa ce.

Magabata ba su taɓa ɗaukar wannan aiki da wasa ba. Sa'ad da Sayyidina Abubakar ya ɗora wa Zaidu ɗan Sabit nauyin tattara Alƙur'ani, Zaidu mahaddaci ne kuma marubucin wahayi, amma duk da haka an ruwaito cewa ba ya karɓar rubutu sai da shaidu biyu. Tsangayunmu sun gaji wannan tsantseni. Gardi ba ya wanke allonsa sai ya kai satunsa wurin darasu alaramma ya duba masa harafi bayan harafi. Wanda ya zauna rubuta Alƙur'ani da hannu kuwa, irin su marigayi Sharif Bala Gabari na Kano, tawada baƙa yake sa wa harafi, ja ga wasali, rawaya ga hamza, sannan ya sa alamar ƙarshen aya, da kumsa bayan ayoyi biyar, da kuri bayan goma, ya nuna sumuni da rubu'i da izu a gefen takarda. Duk wannan tsarin rubutu ne, kuma an yi shi ne domin kada mai karatu ya ɓata hanya. Abin da ya sauya a yau shi ne alƙalamin ya koma hannun yaron shago, wanda sau da yawa bai iya Larabci ba, kuma babu wani darasu tsakanin kwamfutarsa da na'urar gurza takarda.

Ya kamata mu san ta inda ɓarakar take shigowa. Larabci daga dama yake tafiya zuwa hagu, boko kuwa daga hagu zuwa dama. Idan aka cusa aya a tsakiyar rubutun Hausa ba tare da an saita wa manhaja alƙiblar rubutun ba, baka da lamba da alamar tsayawa sukan yi tsalle su koma ɗaya gefen. Wasu manhajojin zane da ake yin kalanda da allunan talla da su ba su san haɗa haruffan Larabci ba, sai su fitar da su a wawware kuma a juye. Ayar da aka kwafo daga fayil ɗin PDF takan zo da haruffa a cakuɗe. Takardar da aka tsara a wata kwamfuta, idan aka buɗe ta a wadda ba ta da irin salon haruffan da aka yi amfani da shi, sai wasula su zame daga muhallinsu ko kalmomi su koma 'yan akwatuna. Mafi hatsari kuma shi ne ayar da aka kwafo daga saƙon WhatsApp ko Facebook, wadda wani ya rubuta da ka, ta bi hannu ɗari, babu wanda ya taɓa gwada ta da Mus'hafi.

Kada wani ya ce ai wasali ɗaya ne kawai. A aya ta 28 cikin Suratu Faɗir, sunan Allah fataha yake ɗauke da ita, kalmar malamai kuma rufu'a, ma'anar ita ce malamai ne masu tsoron Allah. Da za a musanya wasulan nan biyu, da ma'anar ta kife ta koma abin da Musulmi ba zai iya furtawa ba. Malaman tarihi sun ruwaito cewa irin wannan kuskure ne a aya ta 3 cikin Suratut Tauba ya sa Abul Aswad Addu'ali ya fara sa wa Mus'hafi ɗigon wasula. Fassarar Hausa ma tana da nata tarkon, domin wanda ya zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ ya mayar da ƙasa kasa, ya mayar da ƙarya karya, ya mayar da ɓata bata. Mai karatu da ya ƙware zai gane nufi, amma ɗalibar aji uku da za ta haddace takardar ba za ta gane ba.

Sai batun lamba, wanda mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ƙasar Hausa da riwayar Warshu ta tashi, sannan bugun Hafsu ya yaɗu ta hanyar makarantun Islamiyya da alhazai. Mus'hafin Hafsu yana bin ƙirgar mutanen Kufa, ayoyi 6,236, na Warshu kuwa yana bin ƙirgar mutanen Madina ta ƙarshe, ayoyi 6,214. Babu abin da aka ƙara ko aka rage daga Alƙur'ani, saɓanin yana wurin da ake sa alamar ƙarshen aya ne. Saboda haka Suratul Baƙara ayoyi 286 ce a Hafsu, 285 a Warshu. Ayatul Kursiyyi ita ce ta 255 a Hafsu, a Warshu kuwa ta rabu biyu, 253 da 254. Idan marubuci ya ba da lamba bai faɗi riwaya ba, dattijon da ya buɗe Alƙur'aninsa na Warshu zai tarar da wata aya daban, sai ya yi shakkar malamin ko ya yi shakkar Mus'hafinsa. Hatta ɗigo ya bambanta: a rubutunmu na gargajiya ƙaf ɗigo ɗaya gare ta a sama, fa kuma nata a ƙasa yake, alhali a rubutun gabas ɗigo ɗaya a sama fa ce.

Haka lamarin yake a hadisi. Rubuta "Buhari ne ya ruwaito" kaɗai bai wadatar ba ga littafin da hadisansa suka kai 7,563 a ƙirgar Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi, ga shi kuma wasu bugunan suna da tasu ƙirgar daban. Wanda yake son a gaskata shi sai ya ambaci sahabin da ya ruwaito, da littafi da babi, da lamba da bugun da ya dogara da shi. Idan hadisin ba ya cikin Buhari da Muslim, ya ƙara da hukuncin da malaman hadisi suka yi masa.

A Birnin Gwari wannan magana ta wuce batun kyan takarda. Dazukan Kamuku da Kuyambana sun daɗe suna ɓoye masu ɗauke da makami, kuma a 2022 kafafen yaɗa labarai sun yi ta kawo rahoton yadda 'yan ƙungiyar Ansaru ke shiga garuruwan gabashin masarautar, irin su Damari, suna wa'azi suna jan matasa. Babban jarin mai irin wannan kira shi ne guntuwar aya wadda aka yanke mata gaba da baya. Zai kawo aya ta 191 cikin Baƙara, a ƙirgar Hafsu, ya ɓoye ta 190 wadda ta taƙaita yaƙi ga masu yaƙar Musulmi ta kuma hana ƙetare iyaka, ya ɓoye ta 192 wadda ta yi maganar gafara idan sun daina. Zai kawo ta 5 cikin Tauba ya yi shiru a kan ta 6, wadda ta umarci a ba mushirikin da ya nemi mafaka mafaka, a kuma kai shi inda zai aminta. Matashin da aka saba masa da ganin kowace aya da sunan surarta da lambarta, shi ne zai iya cewa a ba shi adireshi ya je ya karanta abin da ke gabanta da bayanta, ya kai wa malaminsa. Wanda kuwa mu da kanmu muka saba masa da karɓar aya ba adireshi, mun riga mun share wa mai ɓatar da shi hanya.

Abin farin ciki shi ne kayan aikin gyara suna nan, kuma mafi yawansu kyauta ne. Cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani da ke Madina, wadda aka buɗe a 1984, ta fitar da manhajar da ke saka aya kai tsaye cikin Microsoft Word da rubutun Mus'hafin Madina, ta kuma fitar da salon haruffa na Hafsu da na Warshu. Shirin Tanzil, wanda ya fara a 2007, ya samar da matanin Alƙur'ani da aka tantance domin masu aikin kwamfuta. Ɗalibanmu na jami'a da ke rubuta kundin digiri da manhajar LaTeX suna da ƙunshin da ake kira quran, wanda ya ginu a kan matanin Tanzil: marubuci lambar sura da ta aya kawai zai bayar, manhajar ta ɗauko ayar da kanta, hannunsa bai taɓa harafi ko ɗaya ba. Akwai salon haruffa na Amiri ga mai son rubutun gabas, akwai kuma Alkalami, wanda cibiyar SIL ta tsara bisa rubutun Kano. Tun 2016 tsarin Unicode, wanda shi ne ma'aunin haruffan kwamfuta a duniya, ya karɓi fa da ƙaf da nun irin namu. Da yawa daga cikin kayan nan sau ɗaya ake sauke su, daga nan su yi aiki ba intanet, kuma wanda ya ga yadda aka katse layukan waya a wannan yanki a 2021 ya san amfanin hakan.

Sai dai na'ura ba ta ɗauke wa mutum nauyin dubawa. Alƙur'anin farko da aka buga da injin ɗab'i, a birnin Benis na Italiya wajen 1537 zuwa 1538, ya fito cike da kurakurai saboda masu bugun ba ma'abota karatunsa ba ne, har ya ɓace daga idon duniya, sai a 1987 aka gano kwafi ɗaya. Bugun Alƙahira na 1924 kuwa ya karɓu a duniya domin kwamitin malaman ƙira'a ne ya tsaya a kansa kafin inji ya taɓa shi. Bambancin bugun biyu shi ne darasu.

Don haka muna ba da shawarar a ɗauki ƙa'idoji kaɗan a riƙe su. Na farko, kada a rubuta aya da ka, kada kuma a kwafo ta daga saƙon waya. A ɗauko ta daga matani tantacce. Na biyu, a sa aya cikin baka mai ado irin wadda littattafan Larabci suka keɓe wa Alƙur'ani, a kan layinta ita kaɗai, hadisi kuma a ba shi tasa alamar daban. Na uku, a biyo ta da sunan sura da lambar aya da riwaya, idan an ƙara da izu saboda mutanen tsangaya ya fi kyau. Na huɗu, idan ɓangaren aya aka kawo a faɗa cewa ɓangare ne. Na biyar, a rubuta "fassarar ma'ana" a kan fassara, a ambaci mai ita, ko ta Shaihu Abubakar Mahmud Gumi ce ko ta wani, kuma duk kalmar da marubuci ya ƙara don bayani ya sa ta cikin baka, domin kada maganarsa ta saje da maganar Allah. Na shida, a mayar da takarda PDF kafin a ɗauke ta daga kwamfutar da aka tsara ta, a gurza kwafi ɗaya, mahaddaci ya karanta shi da Mus'hafi a buɗe, sannan a buga sauran. Na bakwai, katin biki da takardar talla, waɗanda ƙarshensu ƙunshin ƙosai ne ko kwandon shara, a bar sa musu aya. Idan ana son tabarruki, ambaton sunan surar da lambar ayar ya isa.

Nauyin farko yana kan mu malamai, domin yaron shago abin da aka ba shi yake bugawa, kuma wanda sunansa ke kan takarda shi za a tambaya. Muna kira ga limaman Juma'a da shugabannin Islamiyyu da alarammomin masarautar Birnin Gwari da su haɗa kai, ba tare da duba bambancin ƙungiya ba, su shirya wa masu shagunan kwamfuta bita ta yini ɗaya, kowace makaranta kuma ta naɗa mahaddaci guda wanda babu takardar da za ta fita sai ya duba ta. Muna kuma roƙon Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Maigwari na Biyu, da ya sa wa wannan yunƙuri albarka, domin maganar fada tana da nauyin da tamu ba ta da shi. Su kuma masu shaguna su sani cewa cewa "Malam, a duba kafin in buga" ba gazawa ba ce a sana'a.

Allah ya yi alƙawarin tsare Littafinsa a aya ta 9 cikin Suratul Hijri, kuma alƙawarinsa ba ya tashi. Takardar da ke hannunmu ce ba a ba mu tabbacin ta kuɓuta daga kuskure ba, kuma ita za a tambaye mu a kanta. Allah ya sa mu cikin masu hidimar Alƙur'ani da gaskiya, ya dawwamar da zaman lafiya a Birnin Gwari da Nijeriya baki ɗaya. Amin.