Ina Amfanin 'Yar Tocilar Nan Ta Makulli?

Duk wanda ya ci kasuwar Dambatta ran Lahadi, ko ya tsaya bakin tashar mota a Bichi ko Minjibir da almuru, lalle ya ga wata 'yar tocila da masu tireda ke ratayewa tare da wayoyin caji da gilashin ido. Girmanta bai wuce kwalin ashana ba, waɗansu ma kamar ɗan yatsa su ke. Tana da zobe ko maƙata inda a ke saƙala makulli, ba a sa mata batir, sai dai a yi mata caji da irin wayar da a ke yi wa wayar hannu. Yanzu ta shiga aljihun malamin makaranta da na akawun ƙaramar hukuma, har da na mai unguwa. Tun da kuɗin talaka ke tafiya cikinta, mun ga ya kamata mu faɗi abin da muka gani game da ita, na yabo da na zargi.

Sai mu fara da irin ƙasar da za ta yi wa aiki. Ƙauyukan arewacin Kano, daga Ungogo zuwa Dawakin Tofa, daga Makoda zuwa Kunchi da Tsanyawa, ƙasa ce wadda gona ke haɗe da gona, gida kuma na tsakiyar gona. Wani Baturen Ingila masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi bincike wajen Ungogo a shekarun 1960, ya nuna yadda mutane suka cika wannan ƙasa har ba a barin gona ta huta, sai dai a ciyar da ita da taki kowace shekara. To, a wuri irin wannan, mutum ba ya fita ƙofar gidansa da dare sai ya bi ta 'yar siririyar hanya tsakanin gero da dawa. Zuwa masallaci da asuba, zuwa rijiya, leƙa turke in akuya ta yi kuka, duba akurki, kiran ungozoma in naƙuda ta tashi, duk cikin duhu a ke yinsu in ba farin wata. Da damina kuwa, ko da kaka sa'ad da aka tara dammuna a gona, ƙasa ba ta mutum ce shi kaɗai ba. Akwai kububuwa, akwai kasa da gamsheƙa, ga kuma kunama a gindin darni. Saran maciji ba ƙaramin abu ba ne. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, a Kaltungo ta Jihar Gombe kuwa har asibiti a ke da shi musamman dominsa. Galibin sara a ƙafa ya ke samun mutum, sabo da ya taka abin da bai gani ba.

A nan ne 'yar tocilar nan ta ci tuta, kuma ba mu jin kunyar yabonta. Kyawunta ɗaya ne babba, watau tana tare da kai. Fitilar ƙwai tana ɗaki, tana son kananzir da ashana da lagwani mai kyau, iskar hadari kuma ta kan sa ta rawa. Kananzir ɗin ma, tun da gwamnati ta janye tallafinsa a 2016, ya fi ƙarfin gidaje da yawa. Babbar tocila mai batir biyu ko uku tana ƙarƙashin matashin kai, ko kuwa yaro ya ara bai mayar ba. Amma wadda ke rataye da makullin keke ko na babur, duk inda magariba ta riske ka tana nan. Mun riƙe guda tun daga damina har sanyin hunturu ya wuce, ba mu tuna daren da muka neme ta muka rasa. Wajen haska inda za ka sa ƙafa, taku uku ko huɗu a gabanka, ko neman bakin kwaɗo, ko duba cikin takalmi kafin a sa shi da asuba, ba mu ga abin da ya fi ta ba.

Wani zai ce, ai kowace waya yanzu tana da tocila, me ya sa za a ɗora wa talaka wani kashin kuɗi? Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma wanda ya zauna ƙauye ya san amsarta. Cajin waya kuɗi a ke biya wurin mai caji, ɗan abin da ya rage a ciki kuwa na kira ne in wani abu ya taso da dare. Sa'an nan wa zai leƙa rijiya ko masai da wayar da ya sayar da tunkiya ya saya? Har ila yau ba kowace mace a gida ke da waya ba, balle yaran da a ke aike da dare.

Akwai kuma wani alheri da mutane ba su lura da shi ba. 'Yan tocilolin makulli na da, waɗanda ba a yi musu caji, da ɗan batir mai kama da anini su ke aiki. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa in yaro ya haɗiye wannan batir ya maƙale masa a maƙoshi, cikin sa'a biyu zai iya ƙona masa nama. Mai caji batirinta a rufe ya ke ciki, ba a buɗewa, sabo da haka wannan haɗari ya ragu ƙwarai.

Yadda aka yi ƙaramin abu haka ya iya haske, aikin masana ne na shekara da shekaru. Ƙwan da ke cikinta, wanda a ke kira LED, ba shi da zaren da ke yin ja kamar ƙwan lantarki na da, don haka kaɗan ya ke cin wuta. Farin haskensa ya samu ne bayan da waɗansu mutum uku 'yan asalin Japan, Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, suka gano yadda a ke yin ƙwai mai shuɗin haske, aka ba su lambar Nobel a 2014. Batirin kuwa na litiyom ne, irin wanda kamfanin Sony ya fara fitarwa kasuwa a 1991.

To, mu zo ga zargi, don a nan ne mu ke son akawuna da malamai su buɗe ido, tun da su ne masu karanta abin da aka rubuta a kwali. Ma'aunin haske sunansa lumen. Tsohon ƙwan lantarki mai wat 60 ya kan ba da wajen lumen 800. Sai ga shi za ka ɗauki kwalin 'yar tocila ka ga an rubuta 800, ko 1,000, ko ma fiye. Bari mu yi lissafi irin na 'yan aji shida. A ce batirinta mAh 300 ne, wanda ba sabon abu ba ne ga irin waɗannan, alhali na babbar waya ya kan kai 4,000 ko 5,000. Ƙarfin batirin litiyom bolt 3.7 ne, watau duk abin da ke cikinsa bai fi abin da zai riƙe wat 1 na sa'a guda da 'yan mintoci ba. Ƙwai mai kyau ya kan ba da wajen lumen 100 a kowane wat. In haka ne, lumen 800 na son wat 8, batirin nan kuwa zai ƙare cikin minti takwas ko tara. In kuwa aka rage hasken zuwa lumen 20, wanda ya ishi mai tafiya ganin hanya, zai kai sa'a biyar har da ɗori. Ko masu kyau, na kamfanonin da ke tsoron zubar da sunansu, ɗan lokaci kaɗan su ke riƙe babban hasken, da sun yi zafi sai su rage da kansu. Sabo da haka wanda ya ce maka 'yar aba kamar kwalin ashana za ta haska tsakar gida kamar rana tun daga lisha har asuba, ya sayar maka da biri a sama.

Mun taɓa faɗawa wannan tarko da kanmu. Mun sayi guda wurin wani mai talla don ta fi sauran araha, ya danna ta a idonmu da rana tsaka har muka ga taurari. Bayan mako uku sai ta zama in an yi mata caji da safe, kafin lisha ta mutu ko ba a kunna ta ba. Da muka koma, mai talla ya yi gaba. Arha dai ba ta ado. Ba mu ce duk masu araha haka su ke ba, amma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kayan waje suka yi tsada, ɗan kasuwa ya fi son ɗauko abin da talaka zai iya saya, ko da ba zai yi ƙarko ba. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, watau SON, an kafa ta ne domin irin wannan. Muna ganin ya dace jami'anta su riƙa ɗaukar samfuri daga Kasuwar Sabon Gari, inda 'yan ƙauye ke sarin kaya, su auna, su faɗa wa jama'a da Hausa ta rediyo wanne ne ya cika abin da aka rubuta a kwalinsa.

Wani abin da ya fi damunmu shi ne yadda muka ga waɗansu ɗalibai suna karatun jarrabawa da ita, an cije ta a baki ko an ɗaure a goshi. Ba don wannan aka yi ta ba. Haskenta fari ne fat, a wuri guda ya ke taruwa, takarda ta yi ƙyalli a tsakiya gefe kuwa duhu, kafin a gama shafi goma ido ya gaji, haske kuma ya soma dushewa. Gidan da ke da ɗan makaranta ya fi kyau a haɗa kuɗi a sayi fitilar sola ta ajiyewa, mai shimfiɗa haske ko'ina. Malamai su ne ya kamata su faɗa wa iyaye wannan ran taron iyayen yara.

Cajin kansa sai an yi dabara. Ƙauyuka da yawa ba su da layin lantarki, inda a ke da shi kuwa ba kullum a ke samun wuta ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, masu caji da janareto suka ƙara kuɗi, da yawansu suka koma sola. In mai caji zai karɓi kuɗin waya cur a kan 'yar tocilar da batirinta bai kai ushirin na waya ba, to an cuci mai ita. Makarantu da asibitocin sha-ka-tafi da aka sa wa sola suna iya barin ma'aikatansu su yi caji da rana ba tare da wata asara ba. Sai dai a kiyaye zafi. Batirin litiyom ba ya shiri da rana, a watan Afrilu kuwa zafin Kano ya kan wuce digiri 40. Wanda ya bar makullinsa a jikin babur a bakin kasuwa tun hantsi har la'asar, shi ya rage wa tocilarsa kwana. In an ga cikinta ya kumbura, kada a sake yi mata caji, kada a huda ta, kada kuma a jefa ta murhu, don tana iya kamawa da wuta. Ruwa ma abokin gaba ne, galibinsu ɗan marfin roba ne kaɗai ke rufe bakin cajin, in ya tsinke, ruwan Agusta guda ya isa.

Ba za mu wuce ba mu yi wa samari magana ba. Dalle wa babba tocila a fuska rashin kunya ne tun zamanin tocila mai batir, balle wannan da haskenta ke kashe ido. Ƙasa a ke haskawa, a yi sallama, murya ta isa a gane mutum.

Saura magana guda, wadda mu a ganinmu ta fi duk waɗannan nauyi ga manomi. 'Yar tocilar nan ba a gyara ta. Ran da batirinta ya mutu, ita ma ta mutu, sai bola. Bolar ƙasar Kano kuwa kowa ya san inda ta ke zuwa. Tun kaka da kakanni jakuna ke fitar da shara da toka daga birni zuwa gonakin kewaye, su komo da itace, yau kuma tifa da kurar shanu ke wannan aiki. Abin da aka zubar a juji da rani, shi ne a ke watsawa a gona kafin shuka. Da can toka ce da kashin awaki da ɓawon gyaɗa. Yanzu duk wanda ya bi gona bayan an watsa taki zai ga leda, ya ga fasassun batura. Manyan tociloli masu caji irin na da, waɗanda a ke soka wa bango, da yawansu batirin dalma ke cikinsu, illar dalma kuwa mutanen Zamfara sun gan ta a 2010, sa'ad da ƙurar haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara. Na litiyom ba dalma a cikinsa, amma shi ma ba abincin ƙasa ba ne, kuma in aka cinna wa juji wuta yana iya fashewa kusa da yara. Gonar da ba ta hutawa, wadda ɗa zai gada daga uba, ba ta da wurin ɓoye irin wannan tarkace.

Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tsare dokokin muhalli, tana da hannu a wannan magana, amma Abuja da nisa daga Kunchi. Abin da ke kusa shi ne sakatariyar ƙaramar hukuma, magajiyar ofishin En'e, da ofishin hedimasta, da zauren dagaci. Muna roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Dambatta da Makoda da Bichi da maƙwabtansu su umurci malaman tsabta su ajiye gwangwani mai murfi, da yashi a cikinsa, a inuwa, a kowace makaranta da kowace kasuwar ƙauye, inda za a riƙa jefa mataccen batir da matacciyar tocila, sa'an nan hukuma ta riƙa kwashewa sau ɗaya a wata. Malamai kuma su sa wannan cikin darasin kiwon lafiya, tun da yara ne ke tsince-tsince a juji. In za a fara, a fara da rani, kafin a soma kai taki gona.