Gardamar megafiksel a fadar matasan Tawa

A fadojin matasa na Tawa, kafin shayi ya kai na biyu an fiddo wayoyi ana gardama: wannan ya ce Tecno ɗinsa megafiksel 50 ce, wancan ya ce Samsung ta fi fitar da launi. Ni dai gardamar ba ta burge ni. Yawanci hoton da aka tura ta WhatsApp sai manhajar ta matse shi, ta rage masa kaifi, to me ake aunawa? Wanda ya isa tafkin Tabalak da sassafe a lokacin sanyi, ya zauna shiru har tsuntsayen da suka ƙetaro daga Turai suka sauka, zai dawo da abin kallo ko da ƴar Itel ce a hannunsa. Tun 2005 tafkin yake cikin jerin Ramsar na wurare masu dausayi da ke da muhimmanci a duniya, amma da yawanmu kifinsa kawai muka sani. Da rana tsaka kuwa, in hazo ya turnuƙe duwatsun Adar, babu wayar da za ta cece ka. Sai ka jira la'asar, ka goge ƙurar da ke kan gilashin kyamara.