Shan Kaye Ba Abin Kunya Ba Ne

Ɗiyata ce mai tsaron raga a ƙungiyar ƙwallon ƴan matan makarantarsu, nan Dogo. Bana ko wasa ɗaya ba su ci ba. Sai ga masu shawara, har da ƴan uwana malamai: "Malam, janye ta, tana zubar maka da girma."

To, ina tambayarku: yaron da ya sami sifili a dikte, korarsa muke yi ko gyara muke masa? Don me haƙurin da muke wa'azinsa gaban allo yake ƙarewa a bakin fili?

Mu tuna, Mena ba ta taɓa zuwa gasar kofin Afirka ba sai 2012, bayan ta doke Masar a Yamai a 2010. A wasannin Olimpik kuwa, daga lambar Isaka Dabore ta 1972 zuwa ta Alfaga ta 2016, shekara 44 Nijar ta yi tana jira.

Uban da ya janye ɗiyarsa don an cinye su, ya koya mata gudun abokai ranar wuya, kuma darasin zai bi ta har girma. Ni kam, wasa mai zuwa ina bakin fili, riƙe mata da ruwan sha.