BINDIGA A HANNUN WANDA BA A HORA BA: LAIFIN WA?

Ran 25 ga Disamba, 1ranar Kirsimeti ta 2022, wani ɗan sanda mai muƙamin mataimakin sufuritanda ya harbe wata lauya, Bolanle Raheem, a cikin motarta a Ajah ta birnin Ikko, tana ɗauke da juna biyu. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa a watan Oktoba na 2023. Shekara huɗu kafin wannan, ran 5 ga Afrilu, 2018, 'yan fashi sun dira garin Offa na Jihar Kwara, suka fara da caji ofis kafin su shiga bankuna, suka hallaka mutum 33, tara daga cikinsu 'yan sanda. Mai kallo daga nesa zai ɗauka waɗannan abubuwa biyu ba su da dangantaka, alhali kuwa uwa ɗaya ta haife su, watau sakacin shugabannin da suke miƙa wa mutum makami ba tare da sun hore shi ba, kuma ba tare da sun kāre ransa ba.

Wannan magana ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu kai tsaye. Direban da ya ɗauko shanu ko albasa daga Arewa zuwa Ikko, shinge nawa yake tsayawa kafin ya sauke kaya a Mile 12 ko mayankar Agege? Mai gadi, da mai shayi, da ɗan dako da ke tashi aiki tsakar dare a Sabon Badun, da wa suke gamuwa a hanya? Bugu da ƙari, cikin masu baƙaƙen kayan nan da ke tsaye a shingayen Kudu akwai 'ya'yan Arewa da yawa, waɗanda iyayensu ke jiran ɗan abin da za su aiko ƙarshen wata. Ashe ko ta wane gefe harsashi ya fita, gidan talaka ake zaman makoki.

Ya kamata jama'a su san irin makamin da ake magana a kai. Bindigar AK-47 da ɗan sanda ke rataye da ita a kasuwa da tasha, don fagen yaƙi aka ƙera ta. Gidan harsashinta yana cin harsashi 30, kuma in aka sake ta tana iya zazzage su duka cikin 'yan daƙiƙoƙi. Harsashinta yana huda ƙofar mota ya sami na ciki, yana kuma kisa daga nisan mita ɗaruruwa. Makullinta na gefe mataki uku gare shi: na sama ya kulle ta, na tsakiya ya sa ta ɓarin wuta, na ƙasa ya sa ta harbi ɗai-ɗai. Duk wanda hannunsa bai saba ba, in tsoro ya kama shi, da wuya ya tantance inda ya ajiye makullin. Saboda haka in kakakin 'yan sanda ya fito ya ce bindiga ta tashi bisa kuskure, sai a tambaye shi: wa ya buɗe makulli, wa ya ɗana, wa ya ɗora yatsa a kan kunama, wa kuma ya juya bakin bindiga wajen ɗan Adam? Kurtun da aka hora da gaske ya san waɗannan ƙa'idoji tun makonsa na farko da riƙe makami.

Dokoki dai akwai su, ba a rasa ba. A 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ƙa'idojin amfani da ƙarfi da bindiga a taronta na Habana ta ƙasar Kuba. Ƙa'idojin sun ce kada jami'i ya harbi mutum sai don kāre ransa ko ran wani daga mutuwa ko mummunan rauni da ke gab da aukuwa, kada a bar shi ya riƙe bindiga sai ya kammala horo na musamman, kuma a ba shi garkuwa da hular kwano da rigar sulke domin buƙatar harbi ta ragu. A nan gida, tsohon Umarnin Runduna mai lamba 237 ya daɗe yana ba ɗan sanda damar harbin wanda ake tuhuma in ya sheƙa da gudu, har sai da Sufeto-Janar Mohammed Adamu ya ƙaddamar da wanda aka gyara a 2019. A 2020 kuma sabuwar Dokar 'Yan Sanda ta maye gurbin ta 1943 wadda aka gada daga Turawan mulki. Madalla da wannan. Amma takarda ba ta koya wa hannu saiti, kuma ba ta tare harsashi.

Tun ran gini ran zane. A watan Janairu na 2013 gidan talabijin na Channels ya nuna wa duniya halin da Kwalejin 'Yan Sanda ta Ikeja take ciki, ɗakunan kwana sun lalace, kurata suna rububin abincin da bai kai ya kawo ba, har Shugaba Goodluck Jonathan ya kai ziyarar ba-zata. Wanda aka rene shi cikin wulaƙanci irin wannan, sa'an nan aka ɗanka masa bindigar yaƙi, me ake tsammani daga gare shi? Sufeto-Janar ya fito ya gaya wa ƙasa harsashi nawa kurtu yake harbawa a filin koyon harbi kafin a yaye shi, kuma sau nawa kofur ko saje yake komawa filin bayan ya kama aiki. In amsar abin alfahari ce, me ya hana a buga ta a jarida?

Ɗan sandan da ba shi da rigar sulke, ba shi da oba-oba da zai kira ɗauki, ba shi da barkonon tsohuwa ko ankwa, kuma ya san bai iya saiti ba, matsoraci ne ko da ya haɗe rai. Matsoraci mai bindiga kuwa yana saurin harbin mara makami, yana saurin faɗuwa gaban mai makami. A Alakyo ta Jihar Nasarawa, cikin watan Mayu na 2013, an tura ayarin jami'an tsaro suka faɗa kwanton ɓauna, aka kashe fiye da hamsin. A Ibi ta Jihar Taraba, cikin watan Agusta na 2019, sojoji ne suka buɗe wa motar 'yan sanda wuta, suka kashe uku daga cikin ƙwararrun masu kamun 'yan garkuwa da mutane. Bayan zanga-zangar neman rushe SARS ta Oktoba 2020, Sufeto-Janar da bakinsa ya ce an kashe 'yan sanda 22.

Abin takaici mafi girma shi ne, bindigar da ke kashe ɗan sanda wani lokaci daga ma'ajiyar 'yan sanda ta fito. Tsofaffi ba su manta da Lawrence Anini ba, wanda ya addabi birnin Benin a 1986, da kuma George Iyamu, babban jami'in ɗan sanda da aka samu da laifin taimaka wa ƙungiyarsa, aka harbe shi a 1987. Fiye da shekara talatin bayan haka, rahoton Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya na 2019 ya ce ya zuwa Disamba 2018 akwai makamai 178,459 da rundunar ta kasa ba da bayaninsu, 88,078 daga ciki AK-47 ne.

Masu cewa babu kuɗi su ji tsoron Allah. A 2019 aka kafa Asusun Tallafa wa 'Yan Sanda musamman don horo da kayan aiki da kyautata jin daɗinsu. A fito da lissafi: rigar sulke nawa aka saya, filin harbi nawa aka gina, a wace jiha? Akwai kuɗin tura 'yan sanda su riƙe wa matan manya jaka, har an sha ba da umarnin janye su, amma babu na harsashin koyo? Masu cewa maganin abin shi ne a ƙara bindigogi kuwa, su sani ƙara wa makaho sanduna ba ya buɗe masa ido.

Abin da ake bukata a bayyane yake. Kowane ɗan sanda ya ci jarrabawar harbi da ta sanin doka kowace shekara, wanda ya faɗi a karɓe bindigarsa a ba shi kulki har sai ya ci. Kada a tura kowa shinge ko gadin banki ba tare da rigar sulke da oba-oba ba. A rubuta lambar kowace bindiga da yawan harsashinta lokacin fita da lokacin dawowa. In aka harbi mutum ba bisa ƙa'ida ba, shugaban caji ofis ɗin da ya ba da makamin ya amsa tambaya tare da yaronsa, domin korar kurtu ɗaya a nuna shi gaban 'yan jarida ba ta taɓa hana na bayansa maimaitawa ba. Iyalan ɗan sandan da ya mutu a bakin aiki kuma a biya su haƙƙinsu ba tare da yawo ofis-ofis ba.

Sarakunan Hausawa na Agege da Shagamu da Sabon Badun, da shugabannin direbobi da na 'yan kasuwar shanu, suna da bakin magana wurin kwamishinonin 'yan sanda da 'yan majalisa. Su kai waɗannan bukatu a rubuce tun kafin a kawo musu gawar ɗan'uwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye na kan hanya, ya kiyaye na bakin aiki.